Likkafani a Kan Fangali

Tun da na sauko daga dutse ban auna wa mutum tumatir cikin kwanciyar hankali ba a rumfata ta kasuwar Bab Makka, nan Jidda. Wannan ya ce, "Idi, wai da gaske ruwa yana daskarewa a buta?" Wancan ya ce, "An ce fatalwa ka gani." In na ba da labarin da safe, kafin ya kai unguwar Ammariyya da yamma wani ya zuba masa gishiri. Malamin da ke koya wa manya karatu bayan la'asar ya ce tun da hannuna ya fara sabawa da alƙalami, in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta. Na bi shawararsa, a hankali, shafi ɗaya a kwana uku.

Mu biyu muka baro ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, ni da yayana Haruna, dukanmu 'ya'yan mai lambu. A ƙafa muka biyo ta Sudan, shekara huɗu a hanya. Da muka sauke farali, muka yi abin da alhazai ke yi: muka sayi farin yadi, muka tsoma shi a ruwan Zamzam, muka shanya, muka raba biyu, kowa ya ajiye nasa na likkafani. Don kada su cakuɗe, Yaya ya sa baƙin zare ya yi ɗinki uku a kusurwar nasa, biyu a tawa. Ni na zauna Jidda ina sayar da kayan miya. Shi bai jure zafin gaɓar teku ba, ya haura duwatsun bayan Ɗa'ifa, ya samu lambu a wani ƙauye, ya auri Maryama, 'yar Hausawan da aka haifa a nan Jidda. Allah bai ba su haihuwa ba.

Babikir ne ya kawo mini saƙon rasuwarsa. Bahaushen Sudan ne, direban babbar mota da ke sauko da kayan lambu daga dutse. Lokacin sanyi motarsa ba ta cika hawa ba, saboda haka sai da aka yi kwana arba'in da binne Yaya sannan na ji. Bayan ya yi mini ta'aziyya ya ce, "Akwai saura, ya Haj. Matar ta ce ka zo da fartanyarka. A ƙauyen nan rijiya ɗaya ce, kuma sau ɗaya a shekara dattawa ke zagayawa su raba ruwa. Wanda suka iske shuka tsaye a lambunsa, ya samu rabo. Wanda suka iske ƙasa tsirara, an cire shi sai baɗi. Sauran kwana goma sha huɗu. In ba ruwa ba lambu, in ba lambu sai ta sauko Jidda, ita kuwa ta rantse ba za ta bar kabarin mijinta ba."

Ban damu ba. A bayan ɗakina ina da iri da na yayyafa, ya kai dashe: tumatir, attarugu da yalo, dogaye, kore shar. Na cika kwando uku da su da ƙasarsu, na yayyafa ruwa, na rufe da buhu. Na ɗauki fartanya da bargo guda. Na sa likkafanina a ƙasan jaka, don ban taɓa kwana a wani gari ba tare da shi ba.

Muka tashi da asuba. A shingen da ke kan hanyar Makka, inda ake duba takardu, wani askari ya karɓi iƙamata, takardar izinin zama, ya juya ta, ya leƙa bayan mota, ya ɗaga buhu da bakin sandarsa. Ya tambaya wane ganye ne wannan. Na ce yalo. Bai san shi ba. Ya tsinki ganye ɗaya ya tauna don ya tabbatar ba abin maye ba ne, ya tofar, ya yi ta kakari, abokan aikinsa na dariya. Ya wurgo mini takardata ya ce, "Yalla, wuce, kai da gubarka."

Bayan Makka da Arfa sai dutse ya tsaya a gabanmu kamar bango. Sabuwar hanya ce, ba ta daɗe da buɗewa ba, tana naɗewa kamar igiyar guga. Muna cikin hawa kunnuwana suka toshe, muryar Babikir ta koma kamar daga cikin rijiya. Na ce masa na kurmance. Ya ce, "Yi hamma, ɗan fadama." Na yi, suka buɗe. Da injin ya yi zafi muka tsaya a wata kwana don a zuba masa ruwa, sai ga birai sun sauko daga kan duwatsu, manya, irin gwaggon biri. Ba su yi ƙara ba. Suka zauna a jere suna kallonmu kamar masu zaman makoki. Kafin in ankara babban cikinsu ya haye bayan mota ya sunkuci kwandon yalo ya yi gaba. Babikir ya ce in gode Allah, da ma askari ya ce guba ne.

A wata gahawa, masaukin matafiya, muka sauka a saman dutsen, irin mai dogayen gadajen igiya. Aka kawo mana abincin da suke kira saliƙ, shinkafa ce da aka dafa da madara har ta narke, da nama a kai. A gida in aka ba ƙato irin wannan sai ya tambaya ko an ce ba shi da lafiya ne, amma na cinye na lashe hannu. Da asuba na ɗaga buta zan yi alwala, ruwa ya ƙi fitowa. Na leƙa, sai na ga wani abu kamar gilashi ya rufe bakinsa. To, wanda ya tambaya game da buta, ga amsarsa.

Muka bar kwalta muka bi hanyar duwatsu har hantsi. Wani farin hazo mai laima ya rufe mu, irin wanda ke jiƙa gashin ido. Babikir ya ce gajimare ne, mu muka hau muka same shi a gidansa. Da ya ɗan yaye sai na hango ƙauyen. Gidajen dutse ne, lambunansu hawa-hawa a jikin tudu kamar matakala. Kuma a kowane hawa ga abubuwa dogaye a kwance, a jere, an lulluɓe kowanne da farin ƙyalle tun daga kai har ƙafa. Na ƙirga ashirin na daina. Ba mutum, ba kukan kaza.

Na kama hannun Babikir na ce, "Inna lillahi! Annoba aka yi?"

Ya ce, "Kabeji ne, ya Haj. Tsofaffin haramai ne na alhazai, suke rufe shuka da su saboda sanyi."

Na ji shi, amma jikina bai yarda ba. Ya sauke ni da kwanduna biyu ya juya, ya ce sai bayan mako biyu.

Maryama tana cikin takaba, saboda haka ta bayan ƙofa muka gaisa. Da, matar yaya ce, abokiyar wasa, ba ma haɗuwa sai ta ce na rame don rowa. Ranar muka yi kuka, ita ciki ni waje. Ta kwatanta mini kabarin, can ƙasa da lambun, na je na yi addu'a. Da na dawo ta ce, "Ya Idrisu, yayanka ya yayyafa iri kafin ya kwanta. Suna cikin akwatuna, ka duba jikin bango."

Na duba. Akwatunan katako shida ne a jere a inda rana ke bugawa: kabeji, latas, albasa da ɗan tumatir. Gajeru, masu kaurin kara, ganyen ya yi shuɗi-shuɗi kamar leɓen mai jin sanyi. Na dubi nawa a kwando, na ce, "Yaya Maryama, waɗannan sun tsumbure. Bari in dasa na Jidda, dattawa su ga abin kallo."

Ta ce, "Ɗayyib, ba laifi. Amma kada ka dasa da yamma. In kuma ka dasa, ka rufe su. Ƙyallen na cikin rumbun dutse."

Na ce, "Shekara talatin da wani abu ina lambu. A gidan ubanmu da yamma ake dashe, rana ta yi sanyi, a ba su ruwa su sha su kwana. Kuma ni ban taɓa lulluɓe mai rai da farin yadi ba, ba zan fara a lambun mamaci ba."

Ta ce, "Halas, shi ke nan. Taurin kan gidanku ne, na san shi."

Bayan azahar na gyara fangali uku. Da na ɗago don in sha ruwa, na ga akwatunan nan shida ba su a jikin bango. Na leƙa rumbun dutse, ga su a ciki a jere. Ban ji motsin kowa ba, kuma na san mai takaba ba ta fito ba. Na yi a'uziyya na koma bakin aikina. Da la'asar na dasa tumatir da attarugu duka, na malala musu ruwa har fangali ya cika ya yi ƙyalli, yadda Baba ya koya mana.

Rana ba ta faɗi ba tukuna hazon ya dawo. Ina wanke fartanya a bayan katangar lambu sai na ji ana jan ƙafa a kan tsakuwa. Na leƙa. Mutum ne tsaye a kan fangalina, ya ba ni baya. Sanye yake da wani dogon kwat na soja mai faci a kafaɗar hagu. Na san kwat ɗin nan. Ni na saya a gwanjon tashar jirgin ruwa na aika wa Yaya, kuma ni na sa aka yi facin.

Na yi sallama. Bai amsa ba. Na sake, da ƙarfi. Bai ko juyo ba. Ya warware farin yadi ya shimfiɗa a kan shukata, a hankali, yana gyara gefe da gefe yadda ake yi wa gawa. Ya gama, ya bi ta gangaren da ke zuwa wajen kabari, hazo ya haɗiye shi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Abin da ya zo mini shi ne, ko fatalwa ce ko sammu, ba alheri ba ne a yi wa shuka sutura. Na kasa taɓa yadin da hannu. Na sa ƙotar fartanya na yaye shi, na cilla shi bayan katanga, can ƙasan hawa na biyu. Na shiga ɗakin da aka ba ni na tura dutse a ƙofa. Ban gaya wa Maryama ba. Ta yaya zan ce wa mai takaba na ga mijinta?

Da gari ya waye na fita. Ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ruwan da na malala ya zama gilashi, ya shaƙe kowane kara a wuya. Da rana ta taɓa su sai ganyen ya yi baƙi ya kwanta, kamar an kwara musu tafasasshen ruwa. Wuta na sani tana ƙona shuka. Ban san sanyi ma yana yi ba.

Amma a ƙarshen fangali na uku, ga farin yadin nan da na jefar. An ninka shi biyu an rufe wajen taku uku da shi, an danne kusurwa huɗu da duwatsu. Na ɗaga gefe. Tumatir bakwai a ƙarƙashi, tsaye, kore. A kusurwar da ke hannuna kuwa ga ɗinki uku na baƙin zare.

Na je ƙofar Maryama na faɗa mata duka, har da kwat. Na ji ta yi wani sauti, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta kuɓuce mata, ta farko tun rasuwar.

"Ya miskin! Ammu Salim ne, maƙwabcinmu. Shi ya yi wa yayanka wanka, na ba shi kwat ɗin. Kurma ne, ko bindiga ka harba ba zai juyo ba. Shi ke fitar da akwatunan nan kowace safiya ya mayar da su da yamma, tun ran da yayanka ya kwanta. Gidansa na can gangare, bayan maƙabarta."

Na ce, "To likkafanin Yaya fa? Me yake yi a lambu? A cikin me aka binne shi?"

Dariyar ta tsaya. Ta ce shekara uku ke nan da ƙyallensu ya kasa, Yaya ya fito da shi ya ce yadin da ya sha Zamzam ba zai ƙi yin aiki kafin ranarsa ba, wanki ne kawai. Daren da zai cika, sanyi ya sauko sosai, yadin na kan albasar da ba a cire ba tukuna. Ya ce kada a ɗauke shi. Da safe Ammu Salim ya kawo nasa likkafanin, wanda ya ajiye wa kansa, aka sa Yaya a ciki.

Muna cikin haka sai ga tsohon ya hauro, cikin kwat ɗin. Da rana ba shi da kama da Yaya ko kaɗan: gajere ne, da jan gemu na lalle. Ya dubi fangalina, ya dube ni, ya girgiza kai. Maryama ta ƙwala masa magana da Larabcin dutse ta bayan ƙofa, sau uku kafin ya ji. Na ce ta yi masa godiya da ya dawo ya sake rufe bakwai ɗin nan. Ta ƙwala. Ya buɗe hannuwa ya yi magana mai tsawo.

Ta ce, "Wai sau ɗaya ya zo. Ya rufe ya tafi gida, ƙafarsa ba ta hawa tudu bayan magariba."

Na ce, "To ke ce?"

Ta ce, "Wallahi ban taka bakin ƙofar nan ba tun ran da aka fita da shi."

Ammu Salim ya je ya tsaya a kan duwatsun nan huɗu ya daɗe yana kallo, sannan ya ja hannun rigata zuwa rumbu.

Sauran kwana goma sha ɗaya. Na ajiye shekaruna talatin a gefe na zama ɗan koyo, da nuni da hannu. Ya nuna mini dalilin fitar da akwatuna da mayar da su: shuka sai an saba mata da sanyi kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake saba wa jariri da ruwa. Gajartar da na raina ita ce ƙarfinsu. Nawa sun taso a zafin Jidda, ba su taɓa jin iska mai cizo ba. Muka tuge matattun, muka juya ƙasa da takin awaki. Ba a dashe sai hantsi, in farin nan ya narke. Ya kan tura yatsa cikin ƙasa, in ya ji ta saki sai ya gyaɗa kai. A ciro kowane da ƙasar gindinsa, a binne shi zurfi har wuyan ganyen farko, a danna. Ruwa kaɗan, a gindi, da safe kawai, don kada dare ya same shi a sama. Da la'asar a kafa 'yan sanduna, a ja yadi a kai yadda ba zai taɓa ganye ba, a danne gefe da duwatsu. A gida rana muke yi wa rumfa. A can dare ake yi wa.

Fangali biyu muka fara cikawa, yadin Yaya da wani tsohon harami suka ishe su. A rana ta huɗu muka dasa na uku. Da la'asar hazo bai zo ba, sama ta yi wasai, iska ta tsaya cik. Ammu Salim ya dubi sama ya ja tsaki, ya nuna mini da hannu cewa na daren yau ya fi na ran nan. Muka zazzage rumbu, ba sauran ƙyalle. Bargona gajere ne, kuma nauyinsa zai karya su. Maƙwabta kowa nasa na kan shukarsa.

Na shiga ɗaki na buɗe jaka. Gaskiya ba don fangali na ɗauko shi ba. Tun ran da na ji labarin abin ke cina: tsoho mai shekara kusan tamanin yana yawo ba likkafani saboda ɗan'uwana. Na kai masa da hannu biyu, na sa Maryama ta gaya masa wannan madadin nasa ne, daga yadi ɗaya aka yanke shi da na Haruna, kuma ya sha Zamzam.

Ya karɓa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya shinshina, ya sa a goshi. Ya ce wani abu gajere.

Maryama ta ce, "Wai ya karɓa, ya gode. Yanzu nasa ne, ko?"

Na ce, "Nasa ne."

Sai ya juya ya nufi fangali na uku, ya miƙo mini gefe ɗaya. Muka ja shi tare a kan kabejin. Ni na danne kusurwa mai ɗinki biyu da dutse.

Da safe har tulun da ke cikin rumbu ya daskare. Yadin ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Muka jira rana ta taɓa katanga muka ɗaga. Ko ɗaya bai kwanta ba.

Ranar rabo dattawa biyar suka hauro da sandunansu. Babbansu ya tsuguna ya ja wani kabeji a hankali don ya ji ko ya kama ƙasa ko jiya aka soka shi. Ya ƙi tugewa. Ya ja tumatir ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, shi ma ya riƙe. Ya miƙe ya fuskanci ƙofa ya ce lambun Haruna na da ruwan Talata, daga hantsi zuwa azahar, kamar bara. Daga ciki na ji Maryama ta ce, "Alhamdu lillahi." Can kuma ta ƙara da cewa, "Ya Idrisu, ka ci abinci kafin ka tafi, ka rame don rowa."

Babikir ya zo a ranar da ya ce. Da muka sauko Jidda zafi ya rufe ni kamar bargo, na ji daɗinsa.

Masu tambaya ko na ga fatalwa: wanda na gani da idona tsoho ne kurma a cikin kwat. Wanda ya ɗauko yadi daga ƙasan hawa na biyu ya rufe tumatir bakwai, ban gan shi ba, kuma ba zan ƙara a kan abin da na sani ba. Abokaina na rumfa sun dame ni in sayi wani likkafani, wai mutum ba ya zama haka. Zan saya in Allah ya kai mu hajjin bana. Kafin nan, in ta Allah ta kasance, ku aika wa Babikir. Ya san fangalin da yadi mai ɗinki uku yake. Amma ku dubi wata tukuna. In lokacin sanyi ne, ku bar shi a inda yake, ku nemo mini wani.